Allurar Man 'Yar Lele

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wa aikinka albarka, ya raba ku da sharrin sanyin nan da kake ta ba mu labari. Mu ma nan alhamdulillahi, muna nan yadda ka bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ambulan alhali ko shekaranjiya mun yi waya. To, maganar ce ba ta shiga waya. In na ji muryarka cikin sauri, kana tsakanin wannan aiki da wancan, bakina ba ya iya furta komai sai lafiya lau. Akwai kuma wani ɗan abu da aka ce in sako maka, za ka ji shi a ƙasan ambulan. Kada ka jefar, ka bari sai ka kai ƙarshen karatu.

Jikin Baba da sauƙi. Yana cin abinci, yana barci, yana faɗa da rediyo kamar yadda ya saba. Hannun hagun dai har yanzu bai dawo ba, tafiya kuma sai da sanda da kafaɗata. Magana ce ta ƙi sakuwa tun da ɓarin jikin ya shanye. Kalmomin a tattaune suke fitowa, kuma har yau duk dangi ni kaɗai nake gane su. Yaya Ƙarama ta zo da yaranta a hutun da ya wuce, ta yi mana 'yan kwanaki, kuma wallahi ta yi iya ƙoƙarinta, amma da Baba ya buɗe baki sai ka ji ta ƙwala mini kira in zo in fassara, ko da wanka nake yi. Mijinta ya aiko a ɗauke ta, ta koma. Ban ga laifinta ba, ita ma tana da nata gidan da ke jiranta. Gwaggo tana nan tana fama da gwiwa, takan aiko a tambayi mai jiki. Gwaibar da ka dasa a bayan kicin kuwa ta yi 'ya'ya bana har reshe na karyewa, tsuntsaye ne ke cin rabonka.

Yanzu bari in zo kan 'Yar Lele, don ita ta zaunar da ni rubutun nan. Ka san sunan auta kawai nake amsawa, ainihin 'yar gaban goshin Baba ita ce tsohuwar motar nan da ta girme ni, mai launin madara da bamba mai ƙyalli. A waya na ce maka ƙofar gareji ta ɗan matse bayan gini, to ga yadda abin yake dalla-dalla. Da ka ce a yi wa Baba ɗaki da banɗaki a ƙasa don a raba shi da hawan bene, Allah ya saka maka da alheri, magini ya duba ya ga babu fili sai an ci gefen garejin. Mu muna asibiti a lokacin, motar kuma tana ciki a lulluɓe, ba wanda ya tuna da ita. Ya kafa ginshiƙi a bakin ƙofar, ya ɗora rufin ɗakin Baba a kansa. Sai da aka sallamo mu aka gane ƙofar ta gaza faɗin motar da kusan taƙi guda. An auna, an sake aunawa, an cire madubai, ba ta fita. In za ta fita sai an fasa ginshiƙin, in an fasa ginshiƙin kuma rufin Baba ya sauko. Haka ta zauna a ciki tun daga lokacin, hancinta na kallon titi.

Baba bai yi faɗa ba. Sai ya mai da abin hidimar kowace safiya. Akwai 'yar ƙofa daga ɗakinsa zuwa garejin, kuma kullum da hantsi in na gama ba shi magani sai ya nuna ta da sanda. In tallabe shi, mu ratsa ta jikin bango a karkace, in zaunar da shi a bayan sitiyari, ya murɗa makulli da hannun dama. Allurar mai ta miƙe a hankali ta je ta tsaya cak a kan cike. Sai ya gyaɗa kai, ya ce ranar da Yayanku zai sauka da ita za mu je tarbo shi. Wata rana ya tashe ta ta ɗan yi gurnani, in wangale ƙofar waje hayaƙi ya fita, wata rana kuma kallon allurar kawai ya ishe shi. Abokinsa bakanike, Kawu Giris, shi ke zuwa ya caja batir, ya zuba mata ɗan galan in ta nema. Ni da ban san kan mota ba, ban taɓa tambayar kaina yadda galan guda yake cika tanki ba.

Kafin in ci gaba, ga wata magana da ba ka sani ba. Shugabar makarantar da na bari lokacin da Baba ya faɗi, an mai da ita wata babbar makaranta a wani gari, tafiyar yini daga nan, kuma tana neman malamar lissafi. Ta kira ni bara, na ce ba hali. Ta sake kira, na sake cewa ba hali. A watan jiya ta ce mini wannan shi ne na ƙarshe: in ban bayyana ba ranar da za a buɗe zangon karatu mai zuwa, za ta ba wata, kuma ba za ta iya sake riƙe mini gurbi ba. Har ɗaki ta ce akwai a gidajen malamai. Yaya, ina son aikin nan. Ina kewar allo da alli da hayaniyar yara, ina kewar a kira ni Malama ba da zolaya ba. Na tsaya a kicin da waya a kunne, na rage murya don kada Baba ya ji, na ce ta ba ni lokaci in yi shawara. Da wa zan yi shawarar? Tun da muka dawo daga asibiti ban kwana a wani gida ba, kuma tafiyata mafi nisa ita ce kantin magani na bakin titi.

Ana cikin haka sai warin fetur ya fara shiga ɗakin Baba. Da farko sai rana ta take ake jinsa, daga baya har a matashin kansa. Tari ya kama shi, likitan da ke zuwa duba shi ya ce ko a raba shi da warin ko a raba shi da ɗakin. Na kira Kawu Giris. Ka dai san shi, tumbin nan ya ƙara gaba, yanzu shi ke riga shi shiga ɗaki. Ya zagaya motar iya inda jikinsa ya bar shi, yana shinshinawa, ya ce ba tiyo ba ne, ba kuma tankin ne ya huje ba. Ya ce a saman tanki akwai wani ɗan faifai da aka dasa, a jikinsa ta ciki akwai siririn hannu na ƙarfe mai ɗan ƙoƙo a ƙarshe da ke yawo a kan mai. In mai ya hau ya bi shi, in ya sauka ya bi shi, shi ke gaya wa allura abin da za ta nuna. Fulota suke ce masa. Robar da ke bakin faifan ce ta tsufa ta farfashe, ta nan warin yake fita, sai an ciro shi an sa sabuwa. Ya ƙara da cewa dama ya daɗe yana zargin tsatsa ta kama hannun ya maƙale, tunda allurar ba ta sauka daga cike.

A wurin aikinsa, in ji shi, ɗaga motar za a yi a sauke tanki, ko a buɗe but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, a shiga ta sama, kafin shayi ya huce an gama. Amma 'Yar Lele ba ta ɗaguwa, rufin garejin ya yi ƙasa. Hancinta na taɓa ginshiƙi, bayanta kuma yana ƙarƙashin kantar siminti da Baba ke tara tsoffin kaya, murfin but ba ya buɗewa fiye da a zura tafin hannu. Hanya ɗaya ta rage, a cire majinginar kujerar baya a rarrafa ta ramin da ke bayanta. Kawu ya dubi ramin, ya dubi tumbinsa, ya dube ni. Na ce masa ni fa malamar lissafi ce, ya ce to madalla, sai in lissafa wanda zai shiga tsakanin ni da shi. Washegari da hantsi muka mai da Baba falo, muka buɗe ƙofofi da tagogi, aka kashe wutar kicin. Kawu ya cire kan batir, ya zuƙe ɗan man da ke ciki da tiyo zuwa jarka, ya karɓe wayata da zobena da awarwarona, ya ce tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da mu da gidan. Ya ba ni tocila mai jikin roba, da sukudireba, da buroshi, da tsumma, da guntun katako da 'yar guduma. Na ɗaure kaina tamau, na sa tsohuwar rigar aikin Baba, na yi bisimilla na shiga da ka.

Ciki duhu ne da zafi da warin tsohuwar roba. Na kwanta rub da ciki, rabina a but, ƙafafuna a kan kujera, safayar taya tana danne mini kafaɗa. Da na haska lungu sai ga lemar Mama da takalmin makarantarka ƙafa ɗaya, wanda aka zane ka a kan ɓatansa. Kawu yana tsaye a ƙofar baya da bango ya hana ta buɗewa duka, yana ba ƙafafuna umarni, tunda su kaɗai yake gani. Na yaye shimfiɗar but, na sami wani murfi zagayayye, na kwance kusoshinsa, sai ga faifan a ƙarƙashi, da wayar lantarki guda da siririn tiyo a jikinsa. Ya ce in fara share ƙasar da ta taru a kewaye don kada ta zuba cikin tanki in an buɗe. Na share. Na zare wayar, na sassauta maɗaurin tiyon, ya ƙi fita, na yi ta murɗa shi hagu da dama har ya saki ya tsiyaye mini a hannun riga. Saura zoben ƙarfen da ya danne faifan. Kawu ya ce kada in kuskura in buga ƙarfe da ƙarfe, in kafa katako a kunnen zoben in riƙa ƙwanƙwasawa zuwa hagu a hankali, kunne bayan kunne. Babu ko wurin ɗaga guduma, gwiwar hannuna sai bugun murfin but take yi. Na ɗiga masa man sassauta tsatsa, na jira, na sake bugawa. Katakon ya tsage, Kawu ya miƙo wani, sannan zoben ya yi ɗan ƙara ya juya.

Na ɗago faifan, wari ya doke ni a fuska. Kawu ya ce in karkatar da shi, hannun zai sunkuya da kansa ya biyo ramin. Na karkatar, bai biyo ba. Na juya shi, ya tokare. Kaina ya fara juyawa, na ce bari in ja baya in sha iska, sai na ji ba na motsi. Wata ƙugiyar kujera ce ta kama rigar ta baya, daidai tsakanin kafaɗuna inda hannuna ba ya kaiwa. In matsa gaba taya ta tare ni, in ja baya wuyan riga ya shaƙe ni. Tocila ta suɓuce ta gangara bayan taya tana haska inda ba ruwana da shi. Kawu ya yunƙura zai shigo, ƙofa da bango suka riƙe masa tumbi, ina jin nishinsa yana salati. Daga falo kuma na jiyo Baba yana kira, irin kiran da na san na banɗaki ne, kuma duk duniya ba mai gane shi sai ni. Yaya, a nan na fashe da kuka. Ba tsoron mutuwa ba ne. Ina kwance da kumatuna a kan ƙarfe sai na ga ba wani sabon abu ne ya same ni ba, haka nake tun ranar da Baba ya faɗi, yau ne kawai aka sami ƙugiyar da za a iya nunawa. Kawu ya ce in yi haƙuri, fetur ne ke sa hawaye, na ce masa e, fetur ne.

Sandar Baba ce ta cece ni. Kawu ya je falo ya karɓo ta, ya zuro lanƙwasar, ya yi ta lalube a bayana har ya ɓalle rigar. Na fito na sha iska, na kai Baba banɗaki da hannuwa masu warin mai, na dawo na sake shiga, don ba a barin tanki a buɗe. Wannan karon na bi abin da yatsuna ke ji, na kwantar da faifan kusan a gicciye, na zaro shi kaɗan-kaɗan har ɗan ƙoƙon ya fito. Da muka kai shi haske sai Kawu ya karɓa yana jujjuya shi a hannu. Babu tsatsar da ta riƙe hannun. Ɗaga shi sama aka yi aka naɗe shi da jar waya, naɗi mai tsari, aka murɗe bakin aka lanƙwasa shi ciki don kada ya soki mai taɓawa. Ka san wannan murɗin. Shi ne a hannun bokitinmu, shi ne a ƙofar kejin kaji, shi ne a maɗaurin jakarka ta firamare.

Na shimfiɗa jarida a kan tire na kai wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fara magana, ina fassara wa Kawu. Ya ce lokacin ciwon Mama ne, shekarar da mai ya yi wuya har ana kwana a layi. Kai kana sakandare, ni ban daɗe da shiga aji ɗaya ba. Asibitin da ake mata magani yana da nisa, kuma duk ranar zuwa, da ta shiga mota a kan allura idonta yake fara sauka. In ta ga ta yi ƙasa sai ta ce yau jikin da sauƙi, a bar man a kai yara makaranta, ta buɗe ƙofa ta fice. Ka kuma san Mama in ta ce a'a. Ta tsallake zuwa, ta sake tsallakewa, ciwo na ci. Sai wata safiya ya buɗe but ya ciro fulota ya ɗaure ta sama. Daga ranar allura ba ta sake sauka ba. Shi kuma ya koma auna mai da kunne, ya ƙwanƙwasa tanki kafin kowa ya fito, ya ɗauki galan ya bi layi da ƙafa. Ka tuna ranar da motar ta mutu mana a kan gada muna dawowa, allura tana kan cike, ya ce kafireto ne, ya sa ka yi ta turi har ka yi fushi ka ƙi cin abinci? Ba kafireto ba ne, Yaya.

Kawu ya ce lallai abokinsa ya iya dabara, har marigayiya ta koma ga Allah ba ta sani ba. Baba ya girgiza kai, ya yi dariyar nan tasa ta rabin fuska. Ya ce a zuwansu asibiti na ƙarshe sun yi nisa a hanya, sai ta miƙa yatsa ta ƙwanƙwasa gilashin allurar, ta ce Allah ya yi wa wannan allura albarka, ta fi kowa ladabi a gidan, amma ya daure ya tsaya a gidan mai na gaba kafin ta kunyata shi. Ashe tun farko ta gane. Ta yi shiru ne don ta ga yana son ta yi shiru, ta ci gaba da shiga motar saboda shi. Bayan rasuwarta kuma ya kasa kwancewa. Kawu ya share ido da tsumman aikinsa, ya bar baƙi a kumatu, sannan ya tambaya ko a mai da ita yadda take, tunda Baba ya saba ganin cike da safe. Baba ya ce a ba shi filaya. Na riƙe masa faifan, ya yi ta fama da hannu ɗaya, bai yarda a taya shi ba, har ya warware naɗin duka. Hannun fulotar ya sauko ya bugi tire.

Na sake shiga but da sabuwar roba, wannan karon ba da riga mai faɗi ba, na mai da komai yadda na same shi. Kawu ya juye man jarka a tanki, ya haɗa batir. Warin ya tafi, tarin ma yana raguwa, alhamdulillahi. Washegari da hantsi Baba ya nuna ƙofa da sanda kamar kullum. Ya murɗa makulli. Allurar ta ɗan yi rawa, ta ɗaga kamar kaurin farce daga ja, ta tsaya. Muka zauna muna kallonta, ƙofar gareji a buɗe a gabanmu, ga titi, ga mutane suna wucewa, ga ginshiƙi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, bangon kicin ba shi da kauri, kuma ciwon bakinsa ya kama, bai kama kunnensa ba. Ya ce ya ji duk kiran da shugabar makaranta ta yi, ya kuma ji abin da nake gaya maka duk ranar da ka kira. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji shi, kuma ya daɗe da tambayar tawa. Ya yi shiru ne don ya ga ina son ya yi shiru, da kuma don yana tsoron wanda zai ji maganarsa in na tafi. Ya ce tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Amma duk da haka in rubuta maka, in sa jar wayar nan da ya warware a cikin ambulan, kuma kada in ɗaure komai.

To, ga shi na rubuta. Yaya, na gaji. Ina son Baba, ba na da-na-sanin ko yini ɗaya da na yi a gefensa, amma na gaji, kuma ina son in je in karɓi aikin nan kafin a buɗe makaranta. Izinin Baba ya sanyaya mini zuciya, sai dai izini ba ya tallabar mutum zuwa banɗaki. Na yi magana da Yaya Ƙarama, za ta iya leƙowa a ƙarshen mako jefi-jefi, ba fiye da haka ba. Mai jinyar da ka sha cewa a ɗauka za ta taimaka, amma Baba ba zai buɗe baki gaban baƙuwa ba sai da nasa a kusa, kuma maganarsa da zama ake koyonta, yadda ni ma na koya. Abin da nake roƙo shi ne ka zo da kanka, ba saƙo ba. Ka ɗauki hutun nan da kake ta tarawa, ka zauna da shi kafin in tafi in koya maka kalmominsa, sannan mu uku mu haɗa kai mu tsara yadda za a raba zaman, ni ma in riƙa dawowa duk hutu. Na san kana da aiki da iyali, na san ba a bakin ƙofa kake ba. Amma zumunta a ƙafa take, kuma hannu ɗaya ya daɗe yana ɗaukar jinkar nan. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini a fili, zan kira shugabar in ce ta ba wata, in ci gaba da zama, don ba zan bar shi shi kaɗai ba. Abin da ba zan ƙara yi ba shi ne in ce maka lafiya lau. Ina kuma kyautata zaton, tunda kai ma ɗan Mama ne, ka daɗe da ganewa.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai da gaske, ka ce mata man shafawar da ta aiko wa Baba yana aiki, mun gode. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba, da Mamana, da ƙaramin nan da ban taɓa ɗauka ba sai a hoto. Gwaggo da Yaya Ƙarama da yaranta suna gaisuwa. Kawu Giris ma yana gaishe ka, ya ce takalminka ƙafa ɗaya yana nan a ajiye in kana buƙata. Baba yana sa muku albarka. Yau da safe ya sa an ƙara wa 'Yar Lele galan guda, ya zauna yana kallon allura ta ɗan hau, ya ce ko da ba za ta fita ba, ya kamata a ce akwai na zuwa tarbo ka. Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Auta